Yadda za ka samu shiga ka buga golf a kulob ɗin mambobi alhali kai ba mamba ba ne

Yawancin waɗanda suka fara koyon golf suna ɗauka cewa manyan filayen nan irin su IBB da ke Maitama a Abuja ko Ikoyi Club a Legas sai mai kuɗin rajista kaɗai ke taka ciyawarsu. Ba haka ba ne. Kusan kowane kulob yana da ƙofar da baƙo ke shiga, kuma na sha bin waɗannan ƙofofi a gida da waje. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kuɗi ba su ke buɗe ƙofar ba, mutum ne ke buɗe ta, wani ne zai sa sunansa ya tsaya maka, kamar yadda ɗan kasuwa ke tsaya wa yaro a Kantin Kwari a ba shi kaya bashi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ne ga yadda za ka samu wannan mutumin da yadda ba za ka ba shi kunya ba.

Kayan da za ka tanada

Handikaf. Wannan lamba ce da ke nuna matsayin bugunka, kuma ita ce abu na farko da za a tambaye ka. Tun 2020 duniya ta koma tsari guda, mafi girman lambar 54 ce, duk yadda lambarka ta yi ƙasa to ka fi iyawa kenan. Ana samunta ne ta hannun kulob mai rajista bayan ka miƙa katunan maki na ramuka 54, wato zagaye uku na ramuka 18 ko shida na ramuka 9. In ba ka da ita tukuna, ka roƙi kocin da ke koya maka ya rubuto 'yar takarda cewa ka san dokoki kuma kana iya tafiya da sauri, wurare da yawa a Najeriya wannan ya isa.

Sanduna. Doka ba ta yarda ka wuce 14 a jaka ba, amma ba wanda ya ce sai ka cika su. Bakwai ko takwas sun ishi sabon shiga. In ba ka da naka ka tambaya ko shagon kulob na bayar da haya, ka tambaya tun kafin ranar fa, musamman in bahago ne kai don sandunan hagu wuya suke yi. Kar ka je da niyyar yin karo-karo da jakar wanda ya gayyace ka, ba a so, yana ɓata lokaci.

Ƙwallaye. Ka ɗauki fiye da yadda kake zato, filin da ba ka sani ba yana cin ƙwallo sosai, balle mai tafkuna. Na hannu ma sun yi. Sai 'yan tsinkayen ɗora ƙwallo da ake ce wa ti, safar hannu, kwabo ko wani ƙaramin abu na sa alama, da ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu na gyara ciyawa.

Tufafi. Riga mai kwala a cusa ta cikin wando, wandon yadi da bel, hula, da takalmin golf mai haƙoran roba. In babu takalmin golf, kambas mai tsafta yana wucewa a wurare da dama amma ka tambaya. Jins, rigar ƙwallon ƙafa, silifas, duk a bar su a gida. Ga 'yan'uwa mata, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali ko ƙaramin hijabin da ba zai hana juya kafaɗa ba sun yi daidai, ba dole sai gajeren siket ba.

Sai kuɗi kashi uku: kuɗin fili na baƙo, kuɗin kadi wato mai ɗaukar jaka, da na abinci. Na kadi ka riƙe tsaba a aljihu don netwok na iya ƙi. Ka haɗa da katin shaida, domin wasu filayen a cikin barikin soja suke, ba za ka wuce get ba sai da shi. Ruwa da lema kuwa ba sai na faɗa ba.

Mataki na 1: Ka gano wane irin kulob ne

Ba duka ɗaya ba ne. Akwai wanda na mambobi ne a suna amma in ka biya kuɗin baƙo a ranakun aiki za a bar ka. Akwai wanda sai mamba ya sa hannu a littafi ya shigo da kai, kuma sai ya buga tare da kai. Akwai kuma filayen otal da wuraren shaƙatawa irin na Ibom a Uyo, waɗannan kasuwanci suke yi, ka kama ɗaki ko ka biya ka buga, ba su cikin maganarmu.

Hanya mafi sauƙi ta sani ita ce ka buga waya ofishin kulob ɗin ko shagon kocinsu ka yi tambaya uku kawai: kuna karɓar baƙi, sai da mamba ko ba sai da shi ba, kuma wace rana ce ta fi sauƙi. Kar ka dogara da abin da ka gani a intanet ko wanda wani ya faɗa maka bara, ƙa'idojin suna canzawa duk lokacin da aka yi sabon kyaftin da sabon kwamiti.

Mataki na 2: Ka samu gida naka, ko da ƙarami ne

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa kuma shi ya fi amfani. Ka yi rajista a ƙaramin kulob da aljihunka zai ɗauka a garinku. Arewa ba ta rasa filaye ba, akwai a Kano, Kaduna, Zariya, Minna, ga Jos da ke da Rayfield wanda Turawan haƙar kuza suka kafa tun 1913, da kuma filin Lamingo. Da zarar kana da kulob, to kana da handikaf, kana da sakataren da zai rubuta maka wasiƙa, kana da kocin da zai ɗaga waya dominka, kuma kana cikin guruf ɗin WhatsApp da ake tura sanarwar gasa. Wanda ya zo get ya ce ni mamba ne a kulob kaza daban yake da wanda ya zo ya ce ni dai ina sha'awar golf.

Ka kuma tambayi sakatarenku ko akwai yarjejeniyar musayar baƙi tsakaninku da wasu kulob. In akwai, wasiƙa ɗaya da katin mamba sun ishe ka, wani lokacin har da ragin kuɗi.

Mataki na 3: Neman mamba da zai ɗauke ka

Nan ne asalin aikin. Kafin ka ce ba ka san kowa ba ka zauna ka lissafa: ogan wurin aikinka, likitanku, tsofaffin ɗaliban makarantarku, surukai, maƙwabcin da ka taɓa ganin jakar sanduna a but ɗin motarsa, hafsoshin soja da suka yi ritaya don da yawansu suna bugawa. Sau da yawa mutumin ba shi ne mamba ba amma ya san mamba, wannan ma ya isa.

Yadda za ka yi magana shi ne abin lura. Kar ka ce ranka ya daɗe ka kai ni IBB ranar Asabar. In ka faɗi haka ka sa shi a kwana, in ya ƙi ya ji nauyi, in ya yarda ya yarda ba da son ransa ba. Ka bari hira ta zo kan golf, ka nuna kana bugawa, ka faɗi handikaf ɗinka na gaskiya, sannan ka ce "Yallaɓai in wata rana kuna neman cikon mutum na huɗu, ina nan, ko da sanarwar dare ɗaya ce." Wannan maganar tana aiki sosai saboda ana buga golf ne mutum huɗu-huɗu, kuma kullum sai an samu wanda ya fasa a ƙurarren lokaci. Kai da ka ce a shirye kake, ka zama mai magance matsala ba mai roƙo ba. To in an kira ka ɗin ka tashi ka je, in ka ba da uzuri a kiran farko da wuya a yi na biyu.

Wata hanyar da ta fi wannan ma ita ce ka fara gayyata. Ka kira shi filinku, ko da irin wanda ake zuba yashi a kewayen rami maimakon ciyawa ne, ka biya masa kuɗin baƙo da na kadi, ku ci abinci. 'Yan golf suna son buga sabon fili kowane iri ne, kuma mai mutunci zai rama.

Abin da ya kamata ka sani game da mamba shi ne yawancin kulob suna ƙayyade sau nawa zai kawo baƙo ɗaya a wata ko a shekara, kuma duk abin da ka yi a kansa yake, shi za a kira gaban kwamiti ba kai ba. Shi ya sa in ya yi jinkiri kar ka ji haushi, kuma kar ka dame shi da saƙo, tuni ɗaya bayan 'yan makonni ya wadatar.

Mataki na 4: In babu mamba, bi ta hannun koci ko sakatare

Kowane kulob na da ƙwararren ɗan wasa da ke koyarwa yana kula da shago, shi ake kira furo. Waɗannan mutanen sun san juna kaf saboda gasa ɗaya suke zuwa. Ka roƙi na kulob ɗinku ya kira na can ya ce ga ɗalibina zai shigo Abuja ranar Talata a taimaka masa. Kiran minti biyu tsakaninsu ya fi wasiƙa goma daga gare ka.

In wannan ma babu, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka shirya tsaf ka je shagon, ka biya kuɗin darasi na awa ɗaya ko ka sayi kwandon ƙwallaye a wurin atisaye in ana barin baƙi. Bayan ya ga bugunka ya ga tarbiyyarka sai ka tambaye shi ko akwai darasin cikin fili, wato ya zagaya da kai ramuka 9 yana koya maka. Ka shiga fili kenan ta halastacciyar hanya, kuma sau da yawa shi da kansa zai haɗa ka da mamban da ke neman abokin bugu.

In rubutu za ka yi wa sakatare, ka taƙaita: sunanka, kulob ɗinka, handikaf, ranaku biyu ko uku da za su yi maka, ku nawa ne, da cewa za ka karɓi duk lokacin da suka ba ka. Ban da lissafo muƙamai da sunayen manyan da ka sani.

Mataki na 5: Ƙofar gasa

Wannan ta fi sauƙi ga mai handikaf. Kulob da yawa suna shirya buɗaɗɗiyar gasa ta 'yan sha'awa sau ɗaya ko fiye a shekara, kowa daga kowane kulob yana iya rajista. Misali gasar Lagos Amateur Open da First Bank ke ɗaukar nauyi a Ikoyi Club ake buga ta. Akwai na mata, akwai na dattawa, akwai waɗanda bankuna da kamfanonin waya ke shirya wa abokan hulɗarsu, akwai na tara kuɗin taimako. In kamfaninku ko wanda kuke hulɗa da shi na cikin masu ɗaukar nauyi, galibi suna da gurabe kuma sukan rasa wanda zai cike su, ka tambayi sashen hulɗa da jama'a.

Gargaɗi ɗaya: kar ka ƙara wa handikaf ɗinka lamba don ka ci kofi, kar kuma ka rage don a ɗauke ka gwani. Rami uku za a buga a gane, kuma duniyar golf a Najeriya ƙarama ce, labari yana riga ka isa kulob na gaba.

Mataki na 6: Zaɓen lokaci

Safiyar Asabar da Lahadi na mambobi ne, kar ma ka nema sai in su suka ce. Talata zuwa Alhamis da hantsi shi ne lokacin baƙo. Zagayen ramuka 18 yana cin awa huɗu ko fiye, don haka in ka fara da safe za ka gama kafin azahar, ranar Juma'a kuwa ko ka fara da sassafe ko ka tsaya a ramuka 9. In da yamma ne ka faɗa wa abokan bugunka tun farko cewa za ka tsaya la'asar bayan rami na 9, a nan dama ake ɗan hutawa. Da damina ka bar rana ta biyu a ajiye, kuma in aka fara walƙiya ka ajiye sanda ka bar fili nan take, ƙarfe ne a hannunka a buɗaɗɗen wuri.

Mataki na 7: Ranar bugu

Ka isa minti 45 kafin lokaci. In mamba ne ya gayyace ka kuma ka riga shi zuwa, ka faɗi sunansa a get ka jira inda aka nuna maka, kar ka kama yawo cikin ginin. Canza takalmi a ɗakin canza kaya ake yi ba a wurin ajiye motoci ba. Ka sa hannu a littafin baƙi, sannan ka tambayi mai masaukinka a keɓe yadda za a yi da kuɗin fili. Wasu kulob ba sa karɓar kuɗi daga baƙo, a asusun mamba suke rubutawa, to ka tura masa abinsa a ranar ba sai ya tambaya ba. In ya ce a'a ka bar shi, sai ka ɗauki nauyin kadi biyun ko abinci.

Kadi kuwa, shugabansu ne zai ba ka, kar ka zaɓa da kanka a get. Ka tambayi sunansa ka riƙa kiransa da shi, ka saya masa ruwa in kun tsaya. Ya fi ka sanin filin nesa ba kusa ba, in ya ce ƙwallon zai karkata hagu ka yarda. Kuma wallahi yadda ka yi mu'amala da kadi shi ne abin da ake fara ba da labari bayan ka tafi.

Mataki na 8: Cikin fili

Ba wanda ya damu da rashin iyawarka, abin da ba a yafewa shi ne jinkiri. Ka shirya kafin layi ya zo kanka, gwaji ɗaya ya isa, ka buga. Neman ƙwallon da ya ɓata minti uku ne a doka tun 2019, in kana shakkar za a same shi, tun farko ka buga wani ƙwallon na wucin gadi kafin ka tafi nema. In ba gasa ba ce kuma ka ninka adadin bugun da aka tsara wa ramin, ɗauki ƙwallonka ka bi su zuwa na gaba, ba abin kunya ba ne, za ma su ji daɗi. Ka fara daga wurin ti ɗin da ya dace da ƙarfinka ba na can baya ba.

Sauran abubuwan sanannu ne: shiru in wani zai buga, kar ka tsaya a gabansa ko daidai bayan ƙwallonsa, kar ka taka layin da ƙwallon wani zai bi zuwa rami, ka mayar da ciyawar da sandarka ta ɓantaro, ka share sawunka a ramin yashi, in ƙwallonka ya nufi mutane ka ɗaga murya ka ce "fo". Waya a kashe mata ƙara.

Wanda ya saba da filayenmu da ake zuba yashi mai haɗe da mai a kewayen rami ya kula sosai in ya hau na ciyawa, ƙwallo yana gudu fiye da yadda ka saba kuma yana bin gangara. Ka ɗauki minti goma a wurin gwaji kafin a fara. Sannan ƙwallon da ya faɗo daga sama yana barin ɗan rami a ciyawar, da wannan ƙarfen mai yatsu biyu za ka turo gefe-gefen zuwa tsakiya, ba ka ɗago ƙasar sama ba don yana tsinka saiwa.

Abu biyu da nake so in tsaya a kansu. Na farko caca. Wasu rukunin suna sa kuɗi a kan wasa, to ka faɗa tun a rami na farko cikin fara'a cewa kai ba ka sa kuɗi amma za ka buga iya ƙarfinka, ban taɓa ganin wanda ya ƙi mutunta wannan ba in an faɗa da wuri. Na biyu, kuma shi ya fi ɓata wa matasanmu suna, shi ne neman alfarma. Za ka ga ministoci da janar-janar da shugabannin bankuna a wurin, sun zo ne su huta. Kar ka zaro takardar neman aiki ko ta kwangila, kar ka nemi lambar waya, kar ka ce a yi hoto. Ka gaisa ka wuce. In mutum ya ji daɗin awa huɗun da ya yi da kai shi zai tambaye ka me kake yi, a nan ma ka amsa a taƙaice.

Mataki na 9: Bayan an gama

A rami na 18 a cire hula a yi musabaha. Ka sallami kadi da kuɗin da aka tsara da ɗan ihsani a kai, in ba ka san adadin ba tambayi mai masaukinka. Kar ka gudu, ka zauna ko na rabin awa ne, a nan ake sabo. In teburin ana shan abin da ba ka sha, ka ce a kawo maka lemo ko shayi, shi kenan. Da dare ko washegari ka tura saƙon godiya, ba tare da ka haɗa da yaushe za mu koma ba. Hotunan fili kuma ka nemi izini kafin ka sa a Facebook ko Instagram, musamman in fuskar wani ta fito.

Kar ka zo da ƙarin mutum ba tare da an sani ba ko da ɗanka ne. Kuma duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya shigar da kai ta bayan fage, mai gadi ne ko kadi, ka ƙi. In aka kama ku kai za a kora ne kawai, shi kuwa abincin iyalinsa zai rasa.

In tafiya ta kai ka waje

A Birtaniya abin ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato, yawancin kulob na mambobi har da manyan suna karɓar baƙi a wasu ranaku in ka biya. Muirfield a Sikotland, duk da tsaurinsu, suna karɓar baƙi Talata da Alhamis, sai dai ka nema watanni da yawa kafin lokaci, ka nuna shaidar handikaf, kuma sai da kwat da laktaye za ka shiga ɗakin cin abinci. Tsohon filin St Andrews ma ba na mambobi ba ne, na jama'a ne, ana shiga ƙuri'a kwana biyu kafin ranar, handikaf kada ya wuce 36, kuma ba a bugawa ranar Lahadi in ba babbar gasa ba.

Amurka daban ce, can kulob na mambobi yana nufin sai da mamba. Hanyar da ta rage wa baƙo ita ce kiran koci zuwa koci, ko gasar tara kuɗin taimako da ake yawan yi ranar Litinin lokacin da kulob ɗin ke rufe wa mambobinsa. Irin su Augusta a jihar Jojiya inda ake gasar Masters duk Afrilu kuwa, ba a neman zama mamba ma sai dai a gayyace ka, baƙo kuma sai mamba yana wurin, ga shi suna rufe filin gaba ɗaya lokacin zafi har zuwa Oktoba. Kar ka ɓata kuɗinka wurin duk wanda ya ce zai sayar maka da gurbi a can. Kafin ka bar gida dai ka karɓi wasiƙar gabatarwa daga sakataren kulob ɗinku mai ɗauke da hatimi da handikaf ɗinka na yanzu, ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma tambayi kamfanin jirgi kuɗin ɗaukar jakar sanduna, wani lokacin haya a can ta fi arha.